Ɓawon ƙwai a gurbin ƙashi: yadda na sauya wa Duna abinci

Kumburin da ya fito wa karena Duna a ƙarƙashin idon hagu, da farko na ɗauka rina ce ta harbe shi. Lokacin hunturu ne, ana tsakiyar dashen shinkafar rani a fadama, ni kuma kullum bayan asuba sai na biya gidan kajina da ke hanyar Kalgo kafin in wuce gona. Ranar da na lura da kumburin, ya taso ya tarbe ni kamar yadda ya saba, amma da Baba mai gadi ya ajiye masa abinci sai na ga yana karkata kai, yana tauna da gefe guda, yawu na dalala. Bayan kwana uku kumburin ya fashe, ya fitar da mugunya da ɗan jini, ya sace. Na ce alhamdulillahi. Mako biyu tsakani ya dawo a daidai inda ya fara fitowa.

Duna baƙin kare ne, uwarsa 'yar gida, ubansa irin na Jamus ɗin nan da ake kira Alseshan. Shekararsa shida a lokacin, nauyinsa kilo 28. Ba don ado na ajiye shi ba. Kaji masu ƙwai ne cike da wurin, ga injinan ban ruwa biyu da muke kwasowa daga fadama mu kulle a sito, kuma tun da ya girma ba a sake haura mana katanga ba. Wanda ya kwana a tsaye shekara shida yana tsare maka dukiya, to cikinsa da lafiyarsa suna wuyanka. Haka na ɗauki lamarin, ko da yake akwai 'yan uwa da ke ganin na cika ɗora wa kaina wahala a kan kare.

Tun yana ƙarami ɗanyen nama yake ci. Ina da mahaucin da muka daɗe tare a kwata, yana tara mini guntayen nama, da tumbi, da zuciya, da huhu, wani lokaci da hanta, sai wuyan kaji da ƙafafunsu idan mun yanka waɗanda suka daina ƙwai. A kan wannan kuma, sau biyu ko uku a mako, sai ƙaton ƙashin ƙafar sa, irin wanda Duna zai kwana yana gwaguya har a riƙa jin ƙarar daga ɗakin gadi. Wa zai ce maka ƙashi zai cuci kare? Tun muna yara da ƙashi a baki muka san su.

Likitan dabbobin da ke duba mini kaji ya zo rigakafi, sai na ce ya leƙa mini idon Duna. Bai ma taɓa idon ba. Ya sa Baba ya rungume karen ta baya, ya ɗaga leɓen sama da ɗan yatsa, ya ce, "Alhaji, matso ka gani." Babban haƙorin nan na gefe, wanda kare ke datsa nama da shi kamar almakashi, ya tsage a tsaye. Ɓari guda ya ɓalle, tsakiyar ta yi baƙi ƙirin, dasashin wurin ya yi jawur. Ya ce haƙorin saiwa uku gare shi, kuma saiwoyin suna zaune ne daidai ƙarƙashin ido, shi ya sa idan ciki ya ruɓe mugunyar ke neman hanya ta fuska. Ƙashin ƙafar sa kuwa, in ji shi, an halicce shi ne don ya ɗauki nauyin dabbar da ta ninka kare sau goma, ya fi haƙorin kare ƙarfi. Kare zai yi shekaru yana ci lafiya, ran da ya sa shi a kusurwar da ba ta dace ba, haƙorin ne zai ba da kai.

Ya tambaye ni yadda bayan gidansa yake. Na ce fari ne fat, yana marmashewa kamar alli, kuma sau da yawa sai ya daɗe a tsugune yana nishi kafin ya fita. Ni a zatona haka na karnuka yake. Likita ya girgiza kai, ya ce wannan ƙashi ne ya yi masa yawa, kuma irin haka ne ke toshe hanji har a kai ga yanka ciki.

Magani ya lafar da kumburin, amma ya ce muddin haƙorin na nan zai yi ta dawowa. Muka ɗauki hanyar Argungu muka kai shi asibitin dabbobi a Sakkwato, aka yi masa allurar barci aka cire. Kwana goma yana cin abinci mai laushi. Da na jarraba ba shi wuyan kaza bayan ya warke, sai na ga ba ya tsayawa tauna, haɗiyewa kawai yake yi ɗungurungum, har sau ɗaya ya shaƙe yana kakari. Na kira likita, ya ce, "To Alhaji, shi da ƙashi sun rabu ke nan. Babba da ƙarami."

Na bi umarni. Na ce wa mahaucina daga yau tsoka da kayan ciki kawai. Kusan mako shida Duna na cin nama zalla da 'yar dafaffiyar shinkafa, yana ƙiba, gashinsa na sheƙi, ni kuma hankalina kwance, ina ganin ai ma gata ya ƙaru masa.

Da likita ya sake zagayowa ya ga kwanon, sai ya ce, "Me ka sa masa a gurbin ƙashin?"

Na ce, "Gurbi kuma? Ai nama na ƙara masa."

Ya zauna kan buhun abincin kaji, ya juya bayan wani rasit ya fara rubutu. Bayanin da ya yi mini ranar shi ne dalilin wannan rubutun, domin na tabbata akwai masu karnuka da yawa a Birnin Kebbi da Jega da Zuru da ke ganin nama zalla shi ne ƙarshen kyautatawa. Ya ce a cikin giram 100 na naman sa akwai sinadarin fosfaras kusan miligiram 200, amma kalsiyam bai fi miligiram 10 zuwa 20 ba. Jikin kare kuwa so yake kalsiyam ya ɗan ɗara fosfaras, kamar 1.2 ko 1.3 a kan 1, kada ya kasa ɗaya-da-ɗaya, kada kuma ya wuce ninki biyu. Namun daji ba sa shiga wannan matsala saboda abin da suka kama da ƙashinsa suke ci. Ni da na cire ƙashi, na bar Duna da tulin fosfaras ba abin da zai tare shi.

Na ce to ai ga shi garau. Ya ce haka zai yi ta zama garau a ido na tsawon watanni. Kashi 99 cikin ɗari na kalsiyam ɗin jiki a ƙasusuwa da haƙora yake ajiye, kamar hatsi a rumbu. Jini ba ya yarda nasa ya ragu, domin zuciya da jijiyoyi da shi suke aiki. Da ya fara raguwa, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi huɗu da ke wuya sai su ba da umarni a buɗe rumbu a ɗebo. Kullum ana ɗiba, ba a zubawa. Ko gwajin jini aka yi sai a ga komai daidai, alhali ƙasusuwan na zama holoƙo. Babban kare yana daɗewa kafin ya nuna, kwikwiyo kuwa cikin 'yan makonni ƙafafunsa za su lanƙwashe.

Nan take na gane, domin na san abin a jikin kaji. Duk mai kiwon kaji masu ƙwai ya san ran da dutsen da ake niƙawa a abincinsu ya yi ƙaranci: ƙwai zai fara fita da ɓawo kamar takarda, daga baya kazar ta gurgunce a keji. Shekara da shekaru ina auna wa kaji wannan sinadari da sikeli, bai taɓa zuwa mini a rai cewa karen da ke gadinsu ma da shi yake tsaye ba.

Sai neman abin da za a sa. Baba ne ya fara kawo shawara. Ya ce, "Alhaji, a ba shi kanwa mana. Shanu ma ita aka ba su, su yi ƙarhi." Na kai wa likita maganar, ya ce sam, kanwa dangin gishiri ce, sinadarin da ya fi yawa a cikinta sodiyam ne, ba za ta cike gurbin ƙashi ba sai dai ta ɓata masa ciki. Ya kuma ja kunnena kan farar ƙasar da ake shafe gini da ita, ya ce mutane na jin an ce kalsiyam ce sai su ɗauka duk ɗaya ne, alhali ƙona baki da hanji take yi.

Na tambaye shi garin ƙashi, tunda akwai shi a shagunan kayan abincin kaji. Ya ce a ƙa'ida shi ne mafi kusa da ƙashin da aka cire, amma yana ɗauke da nasa fosfaras ɗin, kusan rabin kalsiyam ɗin da ke ciki, don haka a kan nama sai an zuba da yawa kafin awo ya daidaita. Abin da ya fi hana ni ma ba wannan ba ne. Na sha sayen buhun garin ƙashi in tarar da yashi kwance a ƙasansa, ban san inda aka kwaso ƙasusuwan ba, ban san da me aka ƙona su ba. Dutsen kaji kuwa, irin farin dutsen nan ne da ake haƙowa a wurare kamar Kalambaina ana siminti da shi. Sinadarinsa ɗaya da na ɓawon ƙwai, sai dai tsaki-tsaki ake niƙa shi, kuma ba wanda zai rantse maka a kan tsabtarsa.

Na je kemis ma. Aka miƙo mini kwalin ƙwayar kalsiyam ta mutane, an rubuta 1,250 ɓaro-ɓaro a jiki. Sai da likita ya nuna mini ƙaramin rubutun baya na gane cewa ainihin kalsiyam ɗin 500 ne, domin kashi 40 cikin ɗari ne kawai na nauyin wannan sinadari. Ke nan ƙwaya uku kullum, har illa masha Allah, ga tsada. Kuma yawancinsu an haɗa su da bitamin D. Kare na bukatar bitamin D a abinci, domin fatarsa ba ta haɗa shi daga rana yadda tamu ke yi, amma idan ya yi yawa taruwa yake a jiki ya lalata ƙoda. Waɗanda ake tsotsa masu zaƙi kuma, wasu da zailitol ake zaƙaƙa su, shi kuwa guba ne ga kare ko da kaɗan ne. Na mayar da kwalin.

Da muka zagayo kan ɓawon ƙwai, likita ya ce kusan kashi 95 cikin ɗari na ɓawon wannan sinadarin ne da ke cikin ƙwayar kemis, fosfaras ɗinsa kuma ɗan kaɗan ne ƙwarai, wato daidai abin da nama ya rasa. Giram ɗaya na garinsa na ba da kalsiyam kusan miligiram 380. Ɓawon babban ƙwai ɗaya ya kai giram 5 zuwa 6.

Ni ƙwai nake sayarwa da ɓawonsa, ba na fasawa. Amma akwai mai shayin da ke ɗaukar kiret-kiret a wurina, yana soya wa mutane da indomi tun magariba har tsakar dare. Na same shi na ce ya riƙa tara mini ɓawon. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, mi za ka yi da wagga shara?" Na faɗa masa gaskiya. Ya yi shiru, sannan ya ce in kawo abin zubawa.

Karon farko ban yi dabara ba. A leda ya tara mini na kwana uku, ya ƙulle bakin. Da na kwance, ƙarnin da ya bugi hancina sai da na ja da baya, ga ƙudaje, ga kiyashi, ragowar farin ƙwan ya ruɓe ya manne. Na binne su gaba ɗaya. Daga nan na kai masa kwando mai huji-huji, nake karɓa kowace safiya, ba na bari su kwana biyu.

Ga yadda aikin ya zauna mini bayan gwaji uku ko huɗu. Ina zuba su a roba in ɗauraye sau biyu, ina murza cikin da yatsa don santsin ya fita. Siririyar fatar nan ta ciki ba na wahalar ɓare ta, likita ya ce ba ta da illa. Sai in zuba a tsohuwar tukunya su tafasa minti goma, saboda ƙwayoyin cutar da ke zama a jikin ɓawo, waɗanda ke sa gudawa da zazzaɓi ga kare da mutum duka. In tsane su, in baza a faranti a rana, in rufe da tsohon gidan sauro. Da hunturu ko bazara wuni ɗaya ya isa. Da damina kuwa rana kaɗai ba ta wadatarwa, sai na haɗa da kasko: garwashi kaɗan, ina juyawa a hankali har su riƙa ƙara kas-kas kamar fasasshen tangaran. Ba a bari su yi ja. Na taɓa barinsu na je amsa waya, na dawo na tarar da ƙauri kamar an babbaka gashi, kuma Duna ko kusa da garin bai yarda ya je ba.

Daka shi ne inda aikin yake. Uwargida ta ce turminta ba zai ga abincin kare ba, kuma tana da gaskiya, sai na sayi ɗan ƙaramin turmi da taɓarya a kasuwa na ajiye su can gidan kaji, tare da tukunyar da rariyar. Ɓawon na saurin fashewa, amma daga fashewa zuwa laushi akwai tafiya. Nakan yafa tsumma a bakin turmin saboda ƙurar na shaƙe mutum. In daka, in tankaɗe, in mayar da tsakin, in sake dakawa, har sau uku. Gwajin da nake yi shi ne in murza tsakanin yatsu biyu: idan na ji yana karta kamar yashi, da saura. Sai ya zama kamar garin alkama. Dalili kuwa, tsakin ba ya narkewa sosai a ciki, da idona na ga fararen ɓarɓashi a bayan gidansa lokacin da nake ha'incin daka. Kiret ɗaya, wato ɓawo 30, yana ba ni gari giram 160 ko kusa da haka. Ina zuba shi a kwalba mai murfi, in manna takarda da kwanan wata.

Awo ne ya fi ba ni aiki a kai. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan ido bai san komai ba. Ƙa'idar da likita ya ba ni ita ce shafaffen cokalin shayi ɗaya, kimanin giram 5, ga kowane kilo na abincin da ba ƙashi a ciki. Duna na cin giram 700 a rana, wato kashi biyu da rabi cikin ɗari na nauyinsa, kuma lissafin likita ya nuna yana bukatar kalsiyam wajen miligiram 1,500. Giram 4 na garin ke nan. Na ɗauko cokula uku a gida, duk sunansu cokalin shayi, na ga ba wanda ya yi daidai da ɗan'uwansa. Sai na nemi ɗan ƙaramin sikelin nan mai batir irin na masu sayen zinari a Yauri. Da shi na gano wani cokalin giram 4 yake ɗauka, wani kusan 7. Tunda Baba ne ke ba da abincin yawancin lokaci, kuma ba zai tsaya danna sikeli ba, na yi ta gwada murafun kwalaben magani har na sami wanda idan aka cika aka shafe bakinsa da tsinke yake ba da giram 2 cif. Na huda gefensa na ɗaura zare na rataye a ƙusa. Murfi ɗaya da safe, ɗaya da yamma, a cakuɗa cikin naman. Ba a ba shi a ciki wayam, domin sai da ruwan tsamin da ciki ke fitarwa lokacin cin abinci yake narkewa.

Da rabin awo muka fara na kwana huɗu. Ranar farko ya sunsuna ya ɗaga kai yana kallona, sai da na yayyafa romo ya ci. Bayan mako bai ƙara kulawa ba. Bayan gidan, wanda ya koma ruwa-ruwa mai duhu lokacin nama zalla, ya haɗe ya yi daidai, ba fari ba nishi. Wata biyu da farawa sai na ga ya sake yin fari-fari da tauri. Na tambayi Baba, ya ce ganin ana ta aiki a fadama kare ba ya barci, shi ya sa yake ninka masa, ya ƙara ƙarfi. Da kyakkyawar niyya ya yi. Na zaunar da shi na faɗa masa abin da likita ya faɗa mini, cewa idan kalsiyam ya yi yawa yana hana hanji tsotsar wasu sinadaran, musamman zink, har fata ta fara saɓa gashi ya zube, garin neman gira a rasa ido. Tun daga ranar bai ƙara ba.

Kwanon Duna yanzu kusan giram 500 ne na tsoka da zuciya da tumbi, sai giram 200 na dafaffiyar shinkafa ko kabewa ko dankali. Hanta ba ta wuce giram 35 a rana, kamar girman kwalin ashana, saboda bitamin A ya yi yawa a cikinta. Sau biyu a mako gwaiduwar ƙwai, sau ɗaya dafaffen kifin ƙanƙara mai maiƙo da aka zare wa ƙaya, saboda bitamin D. Ragowar abincin gida na hana a zuba masa, domin mu nan da albasar Aliero ke shigo mana buhu-buhu ba miyar da ba ta ciki, ita kuwa albasa, ɗanya ko dafaffiya, fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare take yi.

Akwai abin da ban je nema ba amma na samu a wannan tafiya. Wata rana likita ya ga huhun tunkiya a robar naman, ya ɗaga, ya nuna mini wani ƙullutu fari mai ruwa a ciki, girmansa kamar ƙwan tantabara. Ya ce 'ya'yan tsutsa ne. Ana samunsu a huhu da hantar tumaki da shanu da raƙuma. Idan kare ya ci ɗanye, tsutsar ta girma a hanjinsa, ƙwayayenta su fita a bayan gida, daga nan su koma ga dabbobi, su koma ga mutane, su yi irin wannan ƙullutu a hantar ɗan Adam. Yarana na zuwa gidan kajin ranar Asabar suna wasa a ƙasa. Tun daga ranar huhu da hanta sai an dafa, duk mai ƙullutu kuma ƙonewa nake yi, kuma Duna na shan maganin tsutsa firazikwantel a kan lokacin da likita ya tsara. Da na ce wa mahaucina ya riƙa duba mini huhun kafin ya sa a roba, ya ce, "Alhaji, kare hwa ba mutum ba na." Na ce ai don mutanen nake faɗa. Yanzu shi da kansa yake ware mini.

Abin da garin ɓawo bai iya mayarwa ba shi ne wankin baki. Ƙashi na kankare haƙora, gari ba ya yi. Cikin wata huɗu na ga dattin nan ruwan ƙasa ya fara kama gindin fiƙoƙinsa. Ina ba shi faffaɗar ganda da jijiya ya yi ta ja, ina tsaye har ya gama don kada ya haɗiye babban yanki, kuma sau uku a mako ina naɗa tsumma a yatsa in goge masa. Man goge bakin mutane ba ya shiga bakinsa. Duk da haka haƙoran ba su kai hasken da ba, kuma wannan na damuna. Maƙogwaron sa ma na so in riƙa ba shi, likita ya ce in dai za a ba shi kullum to a'a, domin akan bar naman ƙwayar wuyan nan da ke kumbura ta zama maƙoƙo manne a jiki, kuma cin ta yau da gobe na rikita jikin kare, ya rame zuciyarsa ta riƙa gudu.

Ana cikin haka ƙanena da ke Jega ya kira ni. Ya sayi kwikwiyo irin manyan karnukan nan na Afirka ta Kudu, ɗan wata huɗu, yana ta ɗura masa nama zalla don ya yi saurin girma. Ya ce ƙafafun gaba sun fara gwamewa, yana tafiya kamar a kan wuyan hannu, idan aka ɗaga shi sai ya yi ƙara. "Yaya, aiko mini da garin nan naka. Cokali nawa zan ba shi?" Kwalbar na gabana, kuma na san ciwon, na san sunan abin da ya rasa. Amma na ce ba zan aiko ba sai likita ya gan shi. Ransa bai so ba.

Gara da na ƙi. Likita ya ce awon babban kare ba ya yi wa kwikwiyo aiki ta kowace fuska. Kwikwiyo mai tasowa yana bukatar kalsiyam kusan ninki uku na babba a abinci mai ƙarfi ɗaya, kuma yana bukatar ƙarin fosfaras ma don gina ƙashi, wanda ɓawon ƙwai ba ya bayarwa. Sannan kafin ya kai wata shida hanjinsa bai iya tace abin da ya wuce kima ba, duk abin da aka zuba tsotsewa yake yi, kuma a manyan iri yawan kalsiyam na ɓata gaɓoɓi kamar yadda ƙarancinsa ke yi. Aka yi masa hoton ƙashi, aka ga bangon ƙasusuwan ya yi siriri. Aka ɗora shi kan abincin kwikwiyo na buhu wanda aka riga aka auna komai a ciki, aka ce kada a ƙara masa ko ƙwayar gari, a kuma killace shi a ɗan ƙaramin wuri kada ya yi tsalle ya karye. Cikin wata biyu ya miƙe yana gudu. Ƙafar dama dai har yau da ɗan lanƙwasa. Likita ya ƙara mana da cewa karya mai ciki ma ba a ɗura mata kalsiyam fiye da kima, domin hakan na iya jawo mata jijjiga bayan haihuwa, lokacin da shayarwa ta kankama.

Yanzu shekara ɗaya da rabi ke nan Duna bai sa ƙashi a baki ba. Nauyinsa na nan tsakanin kilo 27 da 28, ina auna shi a sikelin buhu duk ƙarshen wata, idan ya sauya in sake lissafin garin. Likita ya ce da ya cika shekara takwas za mu koma Sakkwato a duba jininsa saboda ƙoda, kuma idan ta fara rauni, ƙarancin fosfaras ɗin ɓawon zai yi mana amfani, sai dai a rage naman. Jiya Juma'a bayan la'asar na daka na wannan zagayen, giram 158 ya fito. Duna na kwance a bakin sito, kansa a kan ƙafafunsa, yana bin taɓaryar da ido. Na rubuta kwanan wata na manna a kwalbar, na ɗauraye kwandon, na ɗora shi a bayan babur don in ajiye wa mai shayi kafin magariba.